Bikin Ranar Haihuwa Da Akushin Ƙofar Gida

Ya ku 'yan makaranta, bari mu fara da faɗin laifinmu tun ba a tambaye mu ba. Mu dai mutane ne masu son abinci, ba mu kuwa taɓa ɓoye wannan hali ba. A Wurno aka haife mu, dangin mahaifiyarmu suna Rabah, wata ƙanwarmu kuma tana aure a Goronyo. Sabo da haka tun muna ƙuruciya ƙafarmu ta saba da garuruwan nan uku, bakinmu kuma ya saba da tukwanensu. In aka ce mu faɗi shekarar da aka yi yaƙi kaza, sai mun duba littafi tukuna. Amma in aka ce mu faɗi gidan da ya fi iya kunun tsamiya a unguwarmu, ko daga barci aka tashe mu za mu faɗa ba kuskure.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau kuwa, wata 'yar takarda ce mai zanen furanni da wani yaro ya miƙo mana a ƙofar gida. Wani abokinmu ne, ma'aikaci mai rufin asiri, ya ke gayyatarmu bikin ranar haihuwar ɗansa, wai ya cika shekara 7. Mun tafi, mun ci, mun sha, mun yi godiya, amma muka komo gida da wata magana a ciki wadda ta hana mu barci. Ita mu ke so mu warware muku, gama ku ne za ku riƙa rubuta irin takardun nan in kun girma, ku ne kuma za ku zaɓi gidan da za a aika wa da wanda za a tsallake. Amma kafin mu kai ga bikin sai mun nuna muku yadda muka tashi, don wanda bai san yadda a ke sha da ba, ba zai gane abin da ya sake ba.

Abin da ƙasarmu ke sha

Garuruwan nan uku duk da gulbi su ke rayuwa. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo, ya gangaro Wurno, sa'an nan ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni. Rabah kuwa a bakin Gulbin Sakkwato ta ke zaune. Fadama tana ba mu shinkafa da albasa da tafarnuwa, tudu yana ba mu gero da dawa da wake, ruwa yana ba mu tarwaɗa da karfasa. Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara ƙarfi, har albasar ƙasarmu ta kan kai Ikko cikin manyan motoci.

Babbar abin shanmu ita ce fura, wadda bakinmu na Sakkwatawa ke kira hura. A kan surfa gero a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da ɗan barkono, a dunƙula a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya dahu a mai da shi turmi a kirɓa har ya yi danƙo, sa'an nan a cura a barbaɗe da gari. Daga nan sai damu da nono. Ku lura da wannan: gero na manomi ne, nono na makiyayi ne, ba su kuwa zama abin sha sai sun haɗu cikin ƙwarya ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa ribaɗi a Wurno, nan ya zauna, nan ya rasu, kabarinsa yana nan har yau. Yana cikin abin da ya himmantu a kai ya ga makiyaya sun zauna cikin garuruwa kusa da manoma. Baturen nan matafiyi mutumin Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuwa ambaci fura cikin labarin tafiyarsa. Watau dai ƙwaryar da ku ke sha yau ta girmi makarantarku, ta girmi hanyar mota.

Bayan fura akwai sauran, ko wane da lokacinsa da mai shi. Koko na safe ne, shi da ƙosai. Kunun tsamiya shi ke jiran mai azumi da magariba. Kunun kanwa na mai jego ne, tana sha da zafinsa har ta yi arba'in. Kunun gyaɗa, wanda a kan sa wa 'yar shinkafa, a kan dama wa baƙo mai daraja da majinyacin da ya fara samun sauƙi. Farau-farau shi a ke kai wa manoma gona rana tsaka. In bazara ta yi tsanani kuwa, sai soɓorodo, wanda mutanen Kano ke kira zoɓo, ja wur, da citta da kanumfari, an sanyaya shi cikin randa. Kada ku rena shi don kuna samunsa da araha. A Masar suna shansa su ce karkade, a Senegal su ce bisaf, mutanen Meziko kuma, can hayin teku, su kan sayi busasshensa daga Nijeriya da kuɗi masu yawa.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan duka: babu wanda a ke yi don baki ɗaya. Ba mu taɓa ganin macen da ta ɗora tukunyar kunu daidai cikinta ba. In an dama fura, ludayi ne ke zagawa daga hannu zuwa hannu. In baƙo ya yi sallama ana tsakar sha, sai a ƙara nono, a ƙara ruwa, a matsa masa wuri.

Ciyayya

To, yadda ya ke ga sha haka ya ke ga ci. A unguwar da muka tashi, magidanci ba ya cin tuwon dare cikin ɗakinsa sai ko ba shi da lafiya. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi ƙofar zauren wanda ya fi kowa shekaru, yara su yi ta fitowa daga gidaje ɗauke da akusa, ko wane rufe da faifai. Wannan shi a ke kira ciyayya, yana kuwa da dokokinsa ko da ya ke ba a rubuce su ke ba. Ba mai buɗe nasa akushin. Babba shi ke jawo ɗaya ya buɗe, kowa ya sa hannu gabansa, in ya ƙare a jawo wani. Da haka cikin dare guda mutum zai ci tuwon shinkafa da miyar sure, ya ci na dawa da miyar kuka, wata rana har da dambu ko hoce. Ba a tambayar na gidan wane ne wannan, ba a yabon wata miya a kushe wata, ko da ya ke mu masu kwaɗayi harshenmu ya san hannun ko wace uwargida. Duk wanda ya gifta a ce masa bisimilla. Yara suna gefe da nasu kwano, abin da ya rage kuma na almajirai ne.

Muna yara mun zaci amfanin ciyayya shi ne a ɗanɗani miya iri iri. Sai da muka girma Allah ya nuna mana ainihin amfaninta. A damanar 2010 Rima ya yi ambaliya irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ruwa ya ci ƙauyuka a ƙasar Goronyo, ya shafe shinkafar fadama har Wurno da gaba. A cikin masu zama tabarmarmu akwai wani dattijo wanda duk nomansa a fadama ya ke, ba shi da ɗa mai albashi, ba shi da dabbar sayarwa. Duk da haka akushinsa bai fasa fitowa ko dare ɗaya ba. Abin da muka lura kurum, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda a ƙofarsa a ke zaman, kullum ya kan tura akushin nan bayansa ya bar shi ƙarshe. In an zo kansa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun ƙoshi, a mayar wa yara."

Ran nan yaron da ya ɗauko shi ya yi tuntuɓe, muka yi maza muka karɓa. Sai muka ji shi sakayau, babu kome a ciki sai faifan da ke kansa. Muka dubi mahaifinmu, ya harare mu, muka ja bakinmu muka yi shiru. Daren nan muka sa ido. Ashe ko wane akushi aka buɗe, ya kan yanki wani abu ya kawar gefe, sa'ad da kuma mutane suka shagala da wanke hannu, sai ya juye shi cikin wancan a duhu ya rufe. Akushi ya fito wofi, ya koma da nauyi. Haka aka yi ta yi har albasar rani ta nuna. Muna tsammani ba mu kaɗai muka sani ba, gama mun ga manya suna janye hannu tun ba su ƙoshi ba, amma ba wanda ya taɓa furta kome. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu dai a shekaran nan muka san su.

Yadda aka san ranar haihuwa da

Yanzu mu juya ga haihuwa. Kada ku zaci kakanninmu ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Suna yi mata biki babba, amma sau ɗaya, ranar suna, in jinjiri ya kwana bakwai. A raba goro, a yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi suna, a yi ta fitar da kunu da tuwo gida gida. Ba a rubuta wa kowa takarda, goro shi ne sanarwa, wanda goro bai kai gare shi ba ma in ya zo ba a korarsa. Ranar kuwa a kan ajiye ta cikin laƙabin yaro, don haka ku ke jin Ɗanladi da Altine da Talatu, da Balarabe da Lami da Jummai da Asabe. Wanda aka haifa cikin watan azumi a ce Azumi, na ranar salla a ce Sallau, wanda ya zo ana tsuga ruwa a ce Anaruwa. Shekara kuma a kan rataya ta ga wani babban abin da ya faru, a ce an haifi wane shekarar da Turawa suka shigo Sakkwato, watau 1903, ko kuwa bayan yunwar Kakalaba ta 1914. Ga misali a gida: Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, ɗan sarki ne, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama hakimin Rabah a 1934, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, amma har yau waɗansu littattafai su kan ce 1909 aka haife shi, waɗansu su ce 1910. Wannan bai rage shi da kome ba.

Bikin da a ke maimaitawa ko wace shekara, da kek da kyandir, daga Turai ya zo, an kuwa fi danganta kunna kyandir a kan kek da mutanen Jamus tun ƙarni na 18. Wani abin dariya, ranar haihuwar da 'yan makarantar ƙasan nan suka fara yi wa biki shekara shekara ba tasu ba ce. A zamanin Turawa ko wace 24 ga Mayu a kan jera yara su yi fareti da tsere da wasanni don tunawa da daular Ingila, ranan nan kuwa ita ce ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu tun 1901, kafin ma a ci Sakkwato.

Ba mu ce sanin ranar haihuwa banza ne ba. Yau ba a shiga makaranta, ba a zama jarrabawa, ba a samun fasfo sai an tambaye ta, likita ma ya kan so ya sani kafin ya auna wa yaro magani. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ke ba da takardar haihuwa, ya kuwa kamata ko wane uba ya karɓar wa ɗansa. In kun duba takardun dattawa da yawa za ku tarar an rubuta 1 ga Janairu, ba don duk ranan nan aka haife su ba, sai don malamin ofis ya rasa abin da zai sa. Game da yin bikin kansa malamai sun yi magana, wannan kuwa fagensu ne, ku tambaye su ku tambayi iyayenku. Mu tamu maganar ta ƙwarya ce da akushi.

Abin da muka gani a bikin

Muka isa gidan abokinmu bayan azahar. An jera kujerun roba a tsakar gida, an rataya balan-balan, lasifika tana ta tashi. Ga kek a kan tebur da kyandir 7, yaro ya sha sabon ɗinki, ya hure wuta, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna da waya. Sa'an nan aka bi kowa da 'yar robarsa ta dafa-duka da yankan kaza, da kwalbar lemo mai sanyi. Gaskiya ɗaya ce, shinkafar ta yi daɗi, ba za mu ci amanar mai dafa ta ba.

Muna cikin shan kwalba ta biyu sai idonmu ya kai ga ƙyauren ƙarfe na ƙofar gida. A ƙarƙashinsa akwai 'yar tazara, ta nan muka hangi ƙafafun yara jere, sun yi furu-furu da ƙura. 'Ya'yan unguwa ne, waɗanda su ke allo ɗaya da mai bikin, su ke wasan langa tare da shi kullum. Ko wane lokaci aka buɗe ƙyaure don wani mai takarda ya shigo, sai su leƙo, maigadi ya daka musu tsawa. Cikinsu muka gane jikan dattijon nan mai akushi. Da la'asar ta yi shi kansa dattijon ya zo wucewa masallaci, ya yi sallama daga waje, kiɗa ya danne muryarsa, ba wanda ya ce masa bisimilla. Mu ma da muka ji shi ba mu ce ba. Kwalba tana hannunmu, muka sunkuyar da kai. Wannan ita ce maganar da ta hana mu barci, laifin kuwa namu ne kafin ya zama na wani.

Kada ku ce abokinmu marowaci ne. Abin da ya kashe ranan nan ya isa ya yi suna har da rago. Abin da ya faru shi ne, abincin a ƙidaye ya ke: kujera kaza, roba kaza, kwalba kaza. In ya buɗe wa yara goma, baƙi goma za su tashi hannu wofi, ya ji kunya. Kwalba baki ɗaya gare ta, mai ita ɗaya ne, ba a ƙara mata ruwa don wani ya yi sallama. Tun sa'ad da aka zaɓi kwalba aka bar randa, an riga an rufe ƙyaure, maigadi cika aiki kurum ya yi.

Ga kuma wata ƙididdiga da ya kamata ɗan makaranta ya sani. Kwalbar lemo ta santilita 35 ta kan ƙunshi sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2015, kada sukarin da a ke ƙarawa cikin ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau wajen giram 50 ga babban mutum. Ku lissafa da kanku abin da kwalba biyu ke yi a cikin ɗan shekara 7. Amma don adalci, masu soɓorodon kasuwa ma waɗansu su kan zuba sukari har ya kashe tsaminsa. Bambancin kurum, na randar gidanku hannunku ne ke auna shi.

Tabarma tana ƙanƙancewa

Da a ce ciyayya tana nan da ƙarfinta, da ba mu damu da bikin yini ɗaya ba. Amma tabarmar da ta kan ɗauki magidanta goma sha, yau in an sami biyar an yi yawa. Wani ya ja katanga ya sa ƙyaure, wani yana gaban talabijin, wani yana ci da hannu ɗaya waya tana ɗaya hannun. Ga kuma tsoro. A 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, a watan Oktoba na 2021 kuma suka auka wa kasuwar Goronyo tana tsakar ci, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga shekarun nan mutanen ƙauyuka da dama suka baro gonakinsu suka shigo gari, waɗansu manoma, waɗansu masu shanun da aka kore musu shanu. Mu da kanmu mun ga ranakun da matan da ke kawo mana nono ba su iso ba, aka dama fura da madarar gari, muka sha muna jin wani abu ya ɓace wanda ba ɗanɗano kaɗai ba ne.

Ku duba fa. A 2010 akushi ɗaya ne wofi a unguwarmu, ga tabarma cike da masu cika shi. Yau masu akushi wofi sun ƙaru, masu zaman tabarma sun ragu. Mutum mai mutunci kuwa ba zai ƙwanƙwasa ƙyaurenka ya ce yana jin yunwa ba, gara ya kwana haka. Ciyayya ita ce dabarar da kakanninmu suka yi don a ciyar da irin wannan mutum ba tare da ya roƙa ba, ba kuma tare da wani ya ce shi ya ba shi ba.

Abin da muka gwada

Bayan wata biyu 'yarmu ta cika shekara 6. Ta kuwa ji labarin wancan biki a makaranta, ta zo ta tsaya gabanmu ta ce, "Baba, ni ma a yi mini kek." Muka shiga wajen uwargida muka yi shawara. Ta ce, "Maigida, in ka hana ta za ta ga an ware ta cikin ƙawayenta. In kuwa ka yi irin na wancan gida, ni ba ni iya haɗa ido da matan unguwa." Muka ga maganarta dutse ce. Sai muka sayi ɗan ƙaramin kek, daidai faranta ran yarinya. Sauran kuɗin muka auno gero da soɓorodo da tsamiya da shinkafar Wurno. Aka tafasa ruwa aka bar shi ya huce, gama abin shan taro in ruwansa ba mai tsabta ba ne ya kan zama sanadin amai da gudawa. Aka cika randa biyu da soɓorodo, aka dama kunun tsamiya babbar tukunya, aka soya waina. Da la'asar sakaliya muka fitar da su ƙofar gida, muka shimfiɗa tabarmi, muka rataya moɗa a bakin ko wace randa. Ba mu rubuta wa kowa takarda ba.

Ba za mu ce muku kome ya tafi daidai ba. Yara sun fi yadda muka zata, har da na wata unguwa. An fasa mana moɗa, waina ta ƙare tun kafin manya su zauna, kek kuwa da aka yanka shi don ya zaga, abin da ya kai bakin mai bikin bai fi ɗan yatsa ba, ta yi kuka sai da aka lallashe ta. Amma kunu bai ƙare ba, don ko wane lokaci ya yi ƙasa uwargida ta kan ƙara gasara da ruwan zafi. Wata mata baƙuwa, cikin waɗanda suka baro ƙauye, ta zo da 'ya'yanta uku ta tsaya nesa, 'yarmu da kanta, hawaye bai gama bushewa ba, ta ɗebo soɓorodo ta kai musu. Ba mu ne muka aike ta ba.

Da magariba dattijon nan ya zauna kusa da mu, ya tsufa ƙwarai yanzu, yana kurɓar kunu a hankali. Don mu ja shi da hira muka ce, "Baba, ku yaushe ne taku ranar haihuwar, mu dama muku fura?" Ya yi murmushi, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ɗiyana, ni ban san ranad da anka haihe ni ba. Amma na san daren da mahaihinku yar ruhe man asiri, na kuwa san kun gani." Ashe shekarun nan duka ya san mun sani. Muka rasa abin faɗi, sai muka jawo tukunya muka ƙara masa kunu.

To, 'yan makaranta, ga abin da mu ke roƙonku. Ku tambayi iyayenku ranar da aka haife ku, ku rubuta ta, ku rubuta ta ƙannenku, ku ga an karɓo musu takarda. Ku koyi kirɓa fura da dama kunu wajen iyayenku mata tun suna da ƙarfin nuna muku, maza da mata duka, gama ba a koyar da wannan a aji. In Allah ya ba ku aiki da gida, kuka tashi yin wani taro na murna, ko na haihuwa ko na cin jarrabawa, kafin ku ƙidaya kujeru ku leƙa ƙarƙashin ƙyaure ku ƙidaya ƙafafu. In kuma a unguwarku akwai sauran tabarmar da dattawa ke zama da dare, ku ɗauki akushin gidanku ku kai, ku lura da wanda babba ke turawa bayansa, ku kuma kama bakinku.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da kowa gonarsa da rugarsa. Amin.